Bindiga Mai Jan Hagu

Ba a ko yi masa sallama ba aka dire bindigar a kan buzunsa. Kalilu ya ɗago kai daga ƙotar adakar da yake gogewa da magagari, idonsa ya fara sauka a kan farin takalmi, ya hau shadda mai maiƙo, ya ƙare a fuskar Alhaji Arzika. A bakin rumfar an bar Marsandi tana ta gurnani ba a kashe ba, don a Jibiya ta shekarun nan fetur ya kusa fin ruwan rijiya araha.

Ba sai an gaya masa wace bindiga ce ba. Ita ce ta kashe ƙanensa Ya'u bara da rani.

Alhaji ya yi bayaninsa a tsaye, yana jan carbi kamar mai ƙirga awaki. Ya ce jiya kotu ta sako masa abarsa, ga shi sun jibge ta a ɗakin ajiya ƙarƙashin tarkace har ƙotar ta tsage a wuya. Yana da baƙi daga Maraɗi, manyan ma'aikatan duwan, wato kwastan na tsallaken iyaka, jibi za su shiga daji farauta, saboda haka gobe bayan la'asar yake son a gwada ta a bakin gulbi.

"Tsagar ga kaɗai za ka ɗinke mani," in ji shi. "Kar ka taɓa komi bayan ita. Yadda na ba ka abata, haka nike son ta."

"To, Alhaji."

"Ka dai ji ni da kyau? Ban ce ka yi mata wata dabara ba."

"Na ji."

Ya juya ya tafi, turarensa ya zauna a rumfar ya ƙi fita. Mai walda da mai facin taya, waɗanda suka saki aiki suna kallo, nan da nan suka zama mutanen da aiki ya sha wa kai. Babu wanda bai san dalilin da ya sa Alhaji ya tsallake Katsina da Kano ya kawo bindigar nan gun Kalilu ba. Daga nan har Maraɗi babu mai hannunsa a gyaran bindiga, gado ne ya taras. Amma babban dalilin shi ne so yake gari ya gani da idonsa cewa magana ta mutu, tunda ga yayan mamacin ma yana yi masa aiki. Irin mai kuɗin da fetur ya haifa ke nan, in ya taka ka bai gamsu ba sai ka goge masa takalmin. Kalilu ya jawo tsumma ya rufe bindigar, ya zauna yana kallon tsumman.

Ya'u direba ne, kuma ya fi kowa sanin ɓarayin hanyoyin da ke tsakanin Magama da ƙasar Nijar. Shekara da shekaru shi ke tsallaka wa Alhaji da gangunan fetur, kwastan na nan ba su gan shi ba, jandarman can ba su ji ƙurarsa ba. Da ya ga ya kawo ƙarfi sai ya ce zai sayi tasa akori-kura ya tsaya da ƙafarsa, masu sayen man a Maraɗi kuwa ba su ɓoye ba, shi za su bi. A tafiyarsa ta ƙarshe da motar Alhaji, Alhajin na tare da shi, suka yada zango da rana tsaka bayan Magama. Ya'u ya zauna a gindin wata aduwa yana dama fura, harsashi ya same shi a ƙirji.

A gaban alƙali Alhaji ya yi kuka har da majina. Ya ce zabon daji ya gani a kan wani suri, can gefe ta hannun dama, shi ya auna. Ya ce a watan nan ya sayi bindigar, bai san halinta ba. Alƙali ya sa aka kira Sarkin Baka Rabe, shugaban maharban yankin, dattijon da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, ya gwada ta a bainar jama'a. Duk harbin da ya yi sai ya kauce hagu da taki guda da 'yan kai. Daga nan aka sa Alhaji ya yi alwala ya ɗauki Alƙur'ani, ya rantse cewa bai auna Ya'u ba, surin ya auna. Gari ya zuba ido ya ga rantsuwa ta ci shi. Ba ta ci shi ba, sai ma tumbi da ya ƙara, ya kuma sake komawa Makka. Aka ce kuskure ne, ƙaddara ta riga fata. Aka kawo diyya, tsohuwarsu Barira can Mazanya ta ce a kai wa masallaci, ita ba ta cin jinin ɗanta.

Kalilu ya ce ya yafe, domin dattawa sun zagaye shi suna jiran ya faɗa. Baki ne ya faɗa. Ya tsani mutumin nan irin tsanar da ke hana tuwo daɗi, wadda ke tare da kai har cikin sujada. Abin da ya hana shi sakat shi ne bai da hujja ko ta ƙwayar gero, sai zuciyarsa kawai, ita kuwa ba a kai ta kotu.

Yanzu ga maganar da Alhaji ya bari tana yi masa yawo a ka. Mutumin da karkatacciyar bindiga ta sa ya kashe rai ba da nufi ba, ai ko dai ya jefa ta rijiya, ko kuwa abin da zai fara cewa shi ne a daidaita masa ita. Wannan kuwa har sau biyu yana jan kunne kar a taɓa.

Da hantsi sai ga Abdu, ƙanen Alhaji, da ƙunshin goro da kwanon fura. Abdu irin mutanen nan ne da Allah ya yi ba ƙofa a bakinsu kuma ba ƙulli a cikinsu. Tare suka tashi da Ya'u, tare suka koyi tuƙi. Ya iso jana'izarsa a guje ya kama makara yana kuka kamar mace, washegari Alhaji ya tura shi Ikko jiran kaya a tashar jiragen ruwa, ya shafe watanni can, har aka yi shari'a aka gama bai ji ko kalma ɗaya daga cikinta ba. Ya tsuguna ya gaida Kalilu, ya ce wallahi bai so aka kawo masa bindigar nan ba, ya gaya wa Yaya wannan ba tsari ba ne, amma wa ya isa ya shiga tsakanin Yaya da ita?

Kalilu ya ɓare goro, ya ce ai abin mamaki ne mutum ya shaƙu haka da abin da bai daɗe da saye ba.

Abdu ya yi dariya. "Wace? Wagga? Ai ta girmi ɗiyata Hassana, Yaya Kalilu. Ran sunanta da ita ya kaso mamu barewa biyu. Wurin wani Bature ya saye ta, can gidanshi na Maraɗi take zama, shi ya sa ba ku san ta ba nan. Kowa ya ɗauke ta hagu take kai shi. Shi kaɗai ya san makamarta."

Hassana kuwa har ta fara zuwa rijiya da ɗan tulunta. Kalilu ya san yarinyar.

Ya ci gaba da tauna goron har ya zama gari a bakinsa, Abdu na ta zuba labarin Ikko da jiragen siminti da suka yi layi a teku. Ashe shi ya sa rantsuwa ba ta ci Alhaji ba. Gaskiya ya rantse a kai. Surin ya auna, yana sane sarai da inda harsashin zai sauka. Maganar sabuwar bindiga kuwa a fatar baki ya yi ta, bai haɗa da ita ba da ya ɗauki Littafi. Ya zauna ya tsara kisan, ya tsara rantsuwar, a ganinsa ya yi wa alƙali wayo ya yi wa Ubangiji wayo. Da Abdu ya tashi tafiya, Kalilu ya yi masa godiya a kan furar, har ya raka shi bakin titi.

Ya dawo ya saki asabari, ya yaye tsumman. Ya yarda kyakkyawar bindiga ce, ƙirar Turai, katakonta ja mai duhu, ya ji haushin kansa da hannunsa ya ji daɗin taɓa ta. Ƙusoshi biyu masu zare ne ke ɗaure ƙarfen da ƙota. Ya kwance ta gaba ta fito sumul. Ta baya ta yi gardama, tana fitowa tana gurzar gefe guda. Ya ɗaga ƙarfen ya ajiye, ya leƙa cikin katakon.

A irin wannan bindiga, ƙusoshin ba cikin katako tsura suke bi ba. Akwai 'yan bututun ƙarfe guda biyu da ake dasawa a cikin ƙotar, ƙusa ta bi ta ciki, ƙarfen bindigar ya zauna a kansu. Mahaifinsa dirkoki yake ce musu, don su ke ɗauke da ƙarfen kamar yadda dirka ke ɗauke da rumfa. Kalilu ya zura tsinken ƙarfe a dirkar gaba, ya tsaya cak. Ya zura a ta baya, sai ya kwanta gefe. Ya kunna aci-balbal ya turara ƙasan ƙarfen har ya yi baƙi, ya mayar da shi mazauninsa ya ɗaure, ya sake kwancewa. Baƙin ya ba da labari duka. Dirkar baya ta karkace, in an ɗaure sai ta murɗe ƙarfen, bututun bindigar ya jingina da katako ta ɓangare ɗaya, saboda haka in wuta ta tashi katakon ya ture shi. Kuma inda yake jinginar ya goge ya yi santsi ya yi rami, aikin shekaru ne ba na watanni ba.

Ya daɗe a zaune da ƙarfen a kan cinyarsa. Kada a yi wa Kalilu ƙaryar kirki, ya yi tunanin abubuwa munana, kuma ya san yadda ake yin kowannensu. Ya san inda zai ci da magagari ta yadda ran da aka harba, ƙarfen baya zai fito ya shige idon mai harbin. Sai dai akwai al'adar da ya gada, wadda duk maharbin yankin ya sani: bindigar da aka gyara, mai gyara shi ke fara harba ta, a gaban mai ita. In ha'inci ya yi, fuskarsa ce za ta fara biya. Kakanni sun san halin ɗan Adam da suka kafa wannan, kuma Sarkin Baka ba zai bari a tsallake ta ba.

Can sai wata dabara ta zo masa, mai sanyi, har ya ji murmushi ya kama shi. Ba zai ɓata ta ba. Gyara ta zai yi, gyaran da ba ta taɓa samu ba tun da aka ƙera ta. Sabo turken wawa. Hannun da ya shekara goma yana kaucewa dama don ya sami abin da ke hagu, ba zai daina ba don an saki bindiga daga kotu jiya. Gobe Alhaji zai auna gefe kamar yadda ya saba, harsashi ya tafi gefen, a gaban Sarkin Baka, mutumin da aka yi amfani da gaskiyarsa aka wanke mai kisa.

Ya fara da tsagar, tunda ita aka kawo. Ya buɗa ta da bakin wuƙa, ya ɗura mata gam ɗin kanti mai haɗi biyu, ya huda ya soka ƙusoshin tagulla, ya ɗaure tamau da igiyar fata. Sannan ya juya kan abin da aka hana shi. Ya ɗumama dirkar baya, ya doke ta a hankali har ta faɗo a tafinsa. Ramin da ta fito tun asali a karkace aka huda shi. Ya faɗaɗa shi, ya sassaƙa toshe da icen ƙirya mai taurin tsiya, ya cusa ya bar shi ya kama. Bayan azahar ya ja zare daga tsakiyar dirkar gaba zuwa wutsiyar ƙota, ya sa alama, ya huda sabon rami yana yi yana tsayawa yana dubawa da zare mai dalma a baki. Ya dasa dirkar, ta ɗara 'yar'uwarta tsawo da kaurin farce, ya ci ta da magagari. Ya turara, ya ɗaura, ya kwance, ya kankare inda baƙi ya taɓa. Haka ya yi ta yi har baƙin ya daina sauka ko'ina sai a kan dirkokin biyu, daidai wa daida. Da ya ɗaure na ƙarshe, ƙusoshin suka shige kamar a man shanu, ya zura siririn ganyen kaba tsakanin bututu da katako ya wuce har ƙarshe bai maƙale ba.

Bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma bai taɓa yin aiki da baƙar zuciya irin wannan ba. Duk da haka, da yake shafa mata mai, ya ji abin ya yi masa kaɗan. Kunya ce kawai zai jawo wa Alhaji, shi kuwa Ya'u yana ƙasa.

Washegari da safe ya hau keke ya je gidan Sarkin Baka Rabe, ya ce yana roƙon arziki, ya zo ya tsaya a gwajin, tunda shi ya san bindigar tun a kotu. Tsohon ya dube shi ya daɗe, ya tambaye shi ko zuciyarsa lafiya. Kalilu ya ce lafiya lau, Baba. Rabe ya ce zai zo.

Gulbin ya ƙafe, sai yashi fari fat har tsallake. Alhaji ya gangaro da Marsandi har bakin gaɓa, ya fito da baƙinsa biyu masu baƙin tabarau suna ta Faransanci a tsakaninsu. 'Yan kallo suka taru, masu facin taya da 'yan kamasho da makiyayan da suka kawo shanu shan ruwa a ramukan yashi. Alhaji ya karɓi bindigar ya jujjuya ta, ya shafa wuyan ƙotar, ya nemi tsagar ya rasa. Ya tambayi Kalilu ko ya tsaya inda aka ce ya tsaya. Kalilu ya ce ya ɗinke tsaga kamar yadda aka umarce shi, wannan kuwa ba ƙarya ya yi ba. Shi ma ya koyi yadda ake faɗin gaskiya rabi.

Abdu ya ɗauki gora ya ratsa yashi da ita har tsallake, ya ɗora ta a kan wani kututture. Maimakon ya dawo, sai ya ɗan matsa gefe ta hannun dama, taki guda da 'yan kai, ya jingina da wata 'yar bagaruwa ya kunna taba. Sarkin Baka ya ɗaga murya ya ce masa ya bar wurin.

"Nan nike tsayawa kullum, Baba," Abdu ya amso daga can. "Tun ina saurayi. Hagu ce ba ta da tabbas, dama lafiya lau."

Rabe ya juyo ya dubi Alhaji. Alhaji ya yi wata dariya mai ƙarfi, ya ce Abdu da surutu kamar kanari, a ba mai gyara ya cika al'ada rana na tafiya. Tsohon bai yi dariya ba. Ya dogara sandarsa ya matso kusa.

Kalilu ya sa harsashi ya rufe. Ga bindiga mai gaskiya a hannunsa, ga tumbin Alhaji kusa da shi har yana jin numfashinsa. Juyi ɗaya ne. Ya ji hannunsa na so, ya ji shi sarai, ya kuma tuna tsohuwa a Mazanya da za a je a gaya mata cewa ɗan da ya rage mata an rataye shi. Ya ɗaga bindigar ya auna gorar, sannan da gangan ya ja ta hagu ya harba. Yashi ya tashi can gefe, nesa da gora, nesa da Abdu.

Alhaji ya ji daɗi, baki har kunne. Abarsa na nan yadda ya san ta. Ya juya ga baƙinsa ya ce su gani, har gwanin gyara ta kayar, wannan bindiga ba ta jin maganar kowa sai mai ita. Mutum in yabo ya hau masa kai, mantawa yake da abin da ya faɗa a gaban alƙali. Ya tuɓe babbar riga ya ninke ta a kan bonet ɗin mota, ya kwantar da bindigar a kai, ya sa harsashi, ya duƙa ya manna kunci.

Kalilu na tsaye daidai bayan kafaɗarsa, yana bin bututun da ido. Ya ga bakin bindigar ya sami gora, bai ko tsaya ba ya wuce ta, ya zarce dama a hankali kamar jakin da ya san hanyar gida. Ya tsaya a ƙirjin Abdu.

Wallahi Kalilu bai tsara wannan ba. Sai yanzu lissafin ya haɗu a kansa, cewa inda Abdu ya saba tsayawa nan ne daidai inda yayansa ya saba aunawa. Shekara da shekaru ana nuna masa bakin bindiga a ƙirji, gora na fashewa a gefensa, shi yana tafi. Yau babu karkatacciyar dirkar da za ta kare shi.

Abin da ya fara ji ba tsoro ba ne, daɗi ne, kuma ya ji kunyar daɗin amma bai tafi ba. Ƙane a bakin ƙane, a ƙirji kamar yadda aka yi wa nasa, da hannun mutumin, da bindigar. Shi kuwa me ya yi? Gyara ya yi. Babu alƙalin da zai kama mai gyara don ya daidaita abin da ya karkace. Abin da ake bukata daga gare shi kawai ya yi shiru, shiru kuwa ya iya shi, shekara guda yana koyo. Ya ga yatsan Alhaji ya shiga gidan kunamar bindigar. Ya ga ya ja numfashi ya riƙe. Kalilu ya bar shi.

Can tsallake Abdu ya cire hula yana fifita da ita, mutumin da ya kawo masa fura jiya. Sai Kalilu ya hango abin da zai biyo baya kamar an shimfiɗa masa. Alhaji zai faɗi yana birgima a yashi, gari ya cika gidansa da ta'aziyya, a ce Allah sarki, bindigar nan ta sake yi. A sake cewa kuskure, a sake cewa ƙaddara. Wanda ya kashe Ya'u ya zama abin tausayi, kuma har abada ba wanda zai san me ya auna ran nan a bayan Magama. A'a. Bai sha wahalar nan don ya ba mutumin nan kuskure na gaskiya ya ɓuya a ciki ba. So yake Alhaji ya ga abin da ya auna da idonsa, yana raye, jama'a na kallonsa.

Ya sunkuya kusa da kunnensa, ya yi magana ba da ƙarfi ba, amma yadda Sarkin Baka zai ji.

"Alhaji, na manta ban gaya maka ba. Na daidaita ta. Inda ka auna, nan take zuwa yanzu."

Alhaji ya sandare. Kuncinsa na manne da katako, idonsa ɗaya a buɗe, kuma abin da ke cikin idon nan ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yana busa hayaƙi. Kafin ya dawo hayyacinsa ya kautar da ita, tafin Sarkin Baka ya sauka a kan bindigar ya danne ta a kan rigar, ɗaya hannun ya zare masa yatsa daga kan kunama.

"Tashi," in ji tsohon. "Bar ta yadda ka aje ta."

Ya buɗe ta ya fitar da harsashin ba tare da ta gusa ba, ya jefa a aljihu. Ya jingine sandarsa da mota, ya duƙa da ƙyar saboda gwiwa, ya rufe ido ɗaya ya bi bututun da kallo. Ya daɗe a haka. Da ya miƙe fuskarsa ta tsufa fiye da yadda ya zo da ita.

"Ashe ka san makamarta, Arzika," ya ce. "Kuma ni ka sa na wanke ka."

Alhaji ya buɗe baki, ya dubi baƙinsa, suka cire tabarau suna kallon yashi. Rabe bai ɗauke hannu daga kan bindigar ba. Ya yafito mai facin taya ya ce ya zo ya duba, bayansa wani ɗan kamasho, bayansa wani makiyayi. Kowa ya duƙa ya leƙa sai ya tashi ya ja baya, babu mai kallon Alhaji a ido, babu kuma mai matsawa ya ba shi hanya. Kalilu ya koma gefe ya tsuguna a kan yashi kamar yadda yake tsugunawa a rumfarsa, ya ƙi ɗauke ido daga fuskar mutumin ko na ƙiftawa ɗaya.

Daga tsallake Abdu ya yar da guntun tabarsa, ya sa hannu ya kare rana.

"Yaya, mi kake jira ne? Harba mana, ka nuna masu."